Su Wa Ke Cikin Ƙananan Sansanonin Rumawa, Kuma Me Suke Yi a Can?

Wani ɗan'uwa ya ce ya ga taswirar daular Rum da ɗige-ɗige birjik a bakin kogin Rhine da arewacin Ingila, an ce masa duk sansanonin soja ne, shi ne yake tambaya su wa ke zaune a ciki, Rumawa ne 'yan asali? Kuma ta yaya ɗan wuri mai mutum ɗari biyar zai tare ƙabila guda idan ta taso? Sannan me ya hana su ci gaba tunda an ce ba a iya musu?

To malam, yawancin mutanen da ke cikin waɗancan ɗige-ɗigen ba su taɓa ganin birnin Rum da idonsu ba, wasu ma Latin ɗin a bariki suka koye shi. Tun zamanin Ƙaisar Agustus, wanda ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya, sojan Rum kashi biyu ne. Akwai legiyo, babbar runduna ta mutum dubu biyar da ɗoriya, ita sai wanda yake da 'yancin ɗan ƙasa ake ɗauka. Sai kuma auxilia, wato sojojin taimako, su kuma daga cikin al'ummun da aka ci da yaƙi ko aka ƙulla amana da su ake ɗebo su, mutanen Gaul da ke Faransa da Beljiyam ta yau, da Sifaniyawa, da mutanen Thrace da ke wajen Bulgeriya ta yau, da Siriyawa, da Jamusawan bakin kogi, da mutanen arewacin Afirka. Marubucin tarihi Tacitus da yake lissafa ƙarfin daular a shekara ta 23 ya ce legiyo 25 ne, kuma sojojin taimako yawansu bai gaza na legiyo da wani abin kirki ba. Ka ga kenan kusan rabin sojan Rum ba Rumawa ba ne. Manyan barikokin legiyo 'yan kaɗan ne, ƙananan nan masu yawa da ka gani na mataimakan ne.

In kana son ka hango abin da idon gida, tuna rundunar da ta shigo Kano a 1903. Turawan da ke ciki tsiraru ne, hafsoshi, amma masu riƙe da bindigar 'yan Afirka ne, da Hausawa a cikinsu. To haka Rum ta yi, sai dai ita ta yi shi na ɗaruruwan shekaru kuma ta tsara shi fiye da kima.

Ba taron yuyuyu ba ne fa. Bataliyar dakaru ana ce mata kohot, mutum 480 a takarda, an kasa su gida shida, kowane gida mutum 80 ƙarƙashin hafsan da ake ce wa senturiyo. Ta barade ana ce mata ala, mahaya 512, an kasa su 16. Akwai kuma gauraye, dakaru 480 da mahaya wajen 120, kuma irin wannan ita ta fi amfani a bakin iyaka domin tana da masu tsaron ƙofa tana da masu sintiri. Daga baya aka samu masu girma da suka kai 800 zuwa sama. Dalilin da ya sa Rum ta dogara da su ba yawan kai kaɗai ba ne. Sojan legiyo gwani ne a faɗan gaba da gaba da gina hanya da fasa birni, amma Rumawa ba mahaya ba ne na a zo a gani, ba kuma 'yan baka ba ne. Doki sai Gaul da Sifaniya da Numidiya ta arewacin Afirka, baka sai Siriya da tsibirin Crete, majajjawa sai tsibiran Baleares. Su kuwa Batavawa, mutanen wani tsibiri tsakanin kogin Rhine da Waal a Holan ta yau, an san su da ƙetare kogi da iyo, da makamansu da dawakansu ba tare da sahu ya watse ba, har Rum ta yafe musu haraji gaba ɗaya, abin da take karɓa a hannunsu samari ne kawai.

Me zai sa mutum ya shiga sojan waɗanda suka ci ƙasarsu? Wasu tilas ce, ana rubuta wa ƙabila adadin da za ta kawo. Amma akwai albashi na kuɗi a hannu a zamanin da manomi bai cika ganin tsaba ba, akwai abinci kullum, akwai likita, sannan babban abin yana ƙarshe: in ka cika shekara 25 da rai ana ba ka 'yancin ɗan ƙasar Rum, kai da 'ya'yanka, a kuma halasta aurenka. Tun daga zamanin Ƙaisar Kalaudiyas ake rubuta wannan a kan faranti biyu na tagulla a ɗaure su da waya, shaidu bakwai su sa hatimi, asalin dokar kuma a kafe ta a Rum. An tono irin waɗannan farantan da yawa, kuma da su ne masana ke gane wace bataliya ce take wace ƙasa a wace shekara. Ni a ganina wannan farantin ya fi takobi aiki wajen riƙe daular, domin jikan wanda aka kashe a fagen fama shi ne zai zo ya shiga legiyo a matsayin cikakken Barume.

Yanzu sansanin kansa. Na farko-farkon ba na dutse ba ne, wannan a cire shi daga rai, hotunan ganuwar dutse da ake yawo da su yawanci na ƙarni na biyu ne zuwa sama. A ƙarni na ɗaya ƙasa ce da katako. Za su zaɓi ɗan tudu kusa da ruwa, musamman inda hanya ta ƙetare kogi ko bakin kwari, su auna fili mai kusurwa huɗu amma kusurwoyin a lanƙwashe, hekta ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishi kohot guda, na barade ya fi haka saboda dawaki. Sai a haƙa gwalalo a zagaye, ɗaya ko biyu, mai faɗi a sama da tsini a ƙasa, wani lokaci da ɗan siririn rami a can gindi wanda in ƙafa ta faɗa ciki sai targaɗe. Sannan a yanko ƙasa da ciyawarta gunduwa-gunduwa a jera ta zama ganuwa, a kafa shingen katako a kai da hasumiyoyi, ƙofa huɗu. A tsakiya hedikwata take, a nan ake ajiye tutocin bataliya da akwatin albashi, kuma nan magatakarda suke. Gefe ɗaya gidan kwamanda, ɗaya gefen rumbuna, waɗanda ake ɗaga daɓensu sama kan ginshiƙai don iska ta ratsa ta ƙasa, danshi da ɓera su bar hatsi. Sauran fili dogayen ɗakunan kwana ne, mutum takwas suna raba ɗaki biyu, na gaba na kaya da makamai na baya na barci, senturiyo yana da nasa sashe a ƙarshen layi. Tanderun gasa burodi kuwa a jikin ganuwa ake gina su nesa da ɗakuna, gidan wanka ma a waje, duk don tsoron gobara tunda komai katako ne. A sansanin Wallsend da ke ƙarshen gabas na katangar da Ƙaisar Hadiriyan ya gina a arewacin Ingila an gano cewa barade tare suke kwana da dawakansu a gini ɗaya, doki uku a ɗakin gaba da ramin fitsari a ƙasa, mahayansu uku a ɗakin baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Sojan da aka ɗauko daga bakin kogin Danube aka kai Birtaniya, ko cikin duhu ya san inda hedikwata take da inda zai gudu ya tsaya in an busa ƙaho.

To yaya ɗari biyar za su tare ƙabila? Ai ba zama suke a bayan ganuwa suna jiran a zo ba. Ganuwar ba ta da wani tsawo, ba a yi ta don ta jure dogon ƙawanya ba, an yi ta ne don kar a yi musu shigar dare, su samu inda za su kwana su ajiye hatsi. Ƙofofin nan huɗu na fita ne. In hari ƙarami ne, fita suke su tare shi a fili inda horo da sulke ke ba su rinjaye, in babba ne kuma sansani na gaba bai wuce tafiyar yini guda ba, ga hanya shimfiɗaɗɗiya, ga mahaya, kafin kwana biyu uku bataliyoyi sun haɗu, legiyo kuma na tafe daga baya. Sansani ɗaya shi kaɗai ba komai ba ne, sarƙar ce abin tsoro.

Muna da hujja a rubuce da hannunsu. A Vindolanda, arewacin Ingila, an fara gina sansani wajen shekara ta 85, kuma da yake duk lokacin da za su sake gini sai su rushe tsohon su binne shi da yumɓu, iska ba ta shiga ƙasan ba, sai abubuwan da ya kamata su ruɓe suka tsira. A 1973 masu tono suka fara cin karo da wasu siraran alluna na itace, sirara ƙwarai, da rubutun tawada a jiki. Ɗaya daga ciki rahoton ƙarfin bataliya ne, kohot ta ɗaya ta Tungriyawa, mutanen Beljiyam ta yau, mai kwanan wata 18 ga Mayu, kwamandansu Yuliyus Verekundus. Jimilla mutum 752 har da senturiyo shida. Waɗanda ba sa nan 456. Daga ciki 337 suna Koriya, wato Corbridge ta yau, 46 an tura su gadin gwamna, senturiyo ɗaya yana Landan, sauran an warwatsa su nan da can. Waɗanda ke gida 296, a cikinsu 15 ba su da lafiya, 6 suna da rauni, 10 ciwon ido, masu lafiya 265 kenan, da senturiyo ɗaya tak. Dubi wannan da kyau, fiye da rabin bataliya ba ta gida, a bakin iyaka, a ƙasar da ba a daɗe da ci ba. Wannan shi ne aikin nasu na yau da kullum, rakiyar ayari, karɓo albashi, sayo hatsi da dabbobi, tsaron mashigi, kai saƙo, leƙen asiri, taya masu karɓar haraji. Aikinsu ya fi kusa da na ɗan sanda da kwastan a haɗe fiye da na mayaƙin da ke jiran gangar yaƙi.

Allunan sun nuna mana su kansu mutanen. Wani shugaban mahaya mai suna Maskulus ya rubuta wa kwamandansa Filabiyus Keriyalis, na kohot ta tara ta Batavawa, yana tambayar umarnin gobe, su dawo duka ne ko rabi, sai a ƙarshe ya ƙara da cewa abokansa ba su da giya, a taimaka a aiko. Wani kuma an aiko masa da safa da takalma da kamfai biyu, sanyin can ba wasa ba ne. Wata mata, Kalaudiya Sebera, matar wani kwamanda, ta gayyaci Sulpisiya Lepidina matar Keriyalis bikin zagayowar ranar haihuwarta na 11 ga Satumba, magatakarda ya rubuta wasiƙar amma gaisuwar ƙarshe ita ta rubuta da hannunta, kuma yana cikin rubutun Latin mafi tsufa da aka sani daga hannun mace. An tono takalman mata da na yara masu yawa a wurin, duk da cewa a doka ƙaramin soja ba shi da izinin aure, amma a bakin kowace ƙofar sansani sai ka ga ƙauye ya tsiro, 'yan kasuwa da maƙera da masu sayar da abinci da matan sojoji da 'ya'yansu. Akwai kuma wani allo da ke bayanin yadda mutanen Birtaniya ke faɗa, yana cewa suna da mahaya da yawa amma ba sa amfani da takobi, har ya kira su da wani suna na raini. Wanda ya rubuta ɗin nan fa mai yiwuwa shi ma kakanninsa cin su aka yi.

Sai dai ka sani, a farkon farawa babu wannan sarƙar ta ƙananan sansanoni sosai, domin Agustus bai yi tunanin tsayawa a Rhine ba. Daga shekara ta 12 kafin Miladiyya Durusus, agolan Agustus, ya dinga kutsawa cikin Jamus har ya kai kogin Elbe a shekara ta 9 kafin Miladiyya, a hanyar dawowa ya faɗo daga doki ya mutu. Sansanonin wancan lokacin manya ne, na tara runduna a kai hari, an jera su a bakin kogin Lippe don jiragen ruwa su kawo abinci, na Oberaden kaɗai ya kai hekta 56. Har gari suka fara ginawa a Waldgirmes da dandali da gunkin doki mai ruwan zinari, alamar sun ɗauka an gama.

Sai shekara ta 9 Miladiyya. Gwamna Varus yana da wani amintacce, Arminiyus, ɗan sarautar ƙabilar Keruski, wanda ya jagoranci mutanensa a sojan taimako har aka ba shi 'yancin ɗan ƙasa da muƙamin barde. Wani basarake mai suna Segestes ya gargaɗi Varus cewa yaron nan yana shirya cin amana, bai saurara ba. Arminiyus ya ja shi da labarin wani bore na ƙarya zuwa cikin dajin Teutoburg, ga ruwan sama ga taɓo ga kaya da mata da yara, sahu ya miƙe ya yi tsawo, aka yi kwanaki ana saran su gunduwa-gunduwa. Legiyo uku suka hallaka, ta 17 da 18 da 19, da ala uku da kohot shida, Varus ya kashe kansa, kuma Rum ba ta sake amfani da waɗannan lambobin ba. Sansanonin gabashin Rhine duk suka faɗi sai guda, Aliso, wanda ya jure har mutanensa suka samu suka fasa suka tsere da dare. Jamanikus ɗan Durusus ya koma ramuwa daga 14 zuwa 16, ya ci wasu yaƙe-yaƙe ya binne ƙasusuwan mutanen Varus, amma asarar jirage da dawaki ta yi yawa, Ƙaisar Tibariyas ya kira shi gida. A wannan yaƙin ne Tacitus ya kawo wani abu da ba na mantawa da shi. Arminiyus yana da ƙane, Filabus, da ya ci gaba da zama a sojan Rum har ya rasa ido ɗaya. Suka tsaya kowa a gaɓarsa ta kogin Weser suna magana, wan ya tambaye shi me aka ba shi a kan idon, ƙanen ya lissafa ƙarin albashi da sarƙar wuya da kambi, wan ya yi masa dariya ya ce da arha ya sayar da kansa. Daga nan sai zage-zage, har sai da aka riƙe Filabus yana neman a ba shi dokinsa da makamansa. Tacitus ya ce Arminiyus yana ta jefa kalmomin Latin a cikin zagin.

Wannan shi ne haɗarin tsarin, wanda ka koya wa yaƙinka ya san lagonka. Kuma ba sau ɗaya ba. A arewacin Afirka, yankin Tunisiya da Aljeriya na yau, Takfarinas shi ma tsohon sojan taimako ne da ya gudu, ya tara Musulamiyawa, wata ƙabilar yankin ce ba Musulmi ba, ya tsara su da tutoci irin na Rum, ya wahalar da su daga shekara ta 17 har 24. Da ya gane ba zai iya da su gaba da gaba ba sai ya koma sari-ka-noƙe, ya kai hari ya shige hamada. Maganin da gwamna Balesus ya yi masa a shekara ta 22 shi ne ainihin amsar tambayarka ta biyu: ya kasa rundunarsa uku, ya sake farfasa su ƙanana ƙarƙashin gogaggun senturiyo, ya kakkafa ƙananan sansanoni a wuraren da suka dace, kuma da lokacin komawa barikin hunturu ya yi bai janye su ba kamar yadda aka saba. Duk inda ɗan tawaye ya juya sai ya tarar da soja a gaba ko a baya. A ƙarshe wani gwamnan, Dolabela, ya rutsa shi da asuba a Auzeya aka kashe shi.

Wani lokacin kuma zaluncin jami'i ne ke tayar da wutar. Firisiyawa na gaɓar tekun Holan harajinsu fatun shanu ne, kuma suna biya ba gardama, sai wani jami'i Oleniyus ya ce dole fatar ta kai girman ta wani ƙaton san daji, alhali shanunsu ƙanana ne. Suka ba da shanun, suka ba da gonaki, har ta kai ga mata da 'ya'ya, a shekara ta 28 suka rataye sojojin da suka zo karɓa suka yi wa sansanin Filebum ƙawanya. Rum ta yi asara mai yawa a ƙoƙarin ramuwa ta kuma haƙura. Mafi muni shi ne na Batavawa a 69 zuwa 70, lokacin da Rum ke yaƙin basasa sarakuna huɗu a shekara guda. Masu ɗaukar soja suka dinga kama tsofaffi da marasa lafiya don a fanshe su da kuɗi, sai Yuliyus Sibilis, basaraken Batavawa mai ido ɗaya wanda ya daɗe yana kwamandan kohot, ya tayar da su, kohot takwas na Batavawa da suka yi yaƙi a Birtaniya suka koma bayansa, aka ƙone sansanonin bakin Rhine ɗaya bayan ɗaya, ragowar legiyo biyu a Vetera yunwa ta sa suka miƙa wuya aka kashe su bayan sun fito. Sai da aka turo babbar runduna kafin wutar ta mutu. Bayan wannan Rum ta ƙara ƙaimi wajen kai bataliya nesa da ƙasarta ta haihuwa, shi ya sa za ka ga Batavawa da Tungriyawa a Vindolanda.

A tsakanin waɗannan shekarun ne Rhine ya tashi daga wurin tsallakawa ya koma iyaka. Wajen shekara ta 40 aka gina sansanin Valkenburg kusa da bakin teku, wasu suka biyo baya a jere a gaɓar kogin, a 47 kuma Kalaudiyas ya umarci janar Korbulo ya janye sojojinsa zuwa yammacin kogi. Hankalin Kalaudiyas ya koma Birtaniya, wadda ya mamaye a 43 da legiyo huɗu da mataimaka kusan yawansu, ƙarƙashin Aulus Pilautiyus. A can za ka ga yadda sansani ke bin sawun yaƙi. Besfasiyan, wanda daga baya ya zama Ƙaisar, ya ci garuruwan tudu sama da 20 a kudu maso yamma, kuma a Hod Hill da ke Dorset Rumawa ba su ma wahalar da kansu ba, kusurwa ɗaya ta tsohuwar ganuwar mutanen garin suka yanke suka yi sansaninsu a ciki. Ba a daɗe ba aka bar shi domin fagen ya matsa gaba. Haka abin yake, a gina, a zauna shekara biyar ko goma, a kwashe katakon da zai yi amfani a ƙone sauran a matsa.

Wanda ya kai wannan salon ƙarshe shi ne Agirikola, gwamnan Birtaniya daga wajen 77 zuwa 84. Labarinsa surukinsa Tacitus ne ya rubuta, mijin 'yarsa, don haka yabon sai an rage masa gishiri, amma tonon ƙasa ya tabbatar da jerin sansanoninsa a Wales da arewacin Ingila har cikin Sikotilan. Tacitus ya ce shi da kansa yake zaɓar wurin kafa sansani, kuma ana zuba wa kowanne abincin shekara guda, saboda haka ba sa tsoron ƙawanya, suna ta fita hari har cikin hunturu, mutanen ƙasar da suka saba su sha kashi da rani su rama da sanyi sai suka rasa lokacin numfashi. A yaƙin Dutsen Giraupiyus, wajen shekara ta 83, ya jera dakarun taimako 8,000 a tsakiya da mahaya 3,000 a gefe biyu, legiyo kuwa ya bar su a baya bakin ganuwar zango, kuma Tacitus bai ɓoye dalili ba, ya ce nasarar za ta fi daraja in ba a zubar da jinin Barume ba. Kohot huɗu na Batavawa da biyu na Tungriyawa aka tura su shiga jiki, suna duka da cibiyar garkuwa suna suka a fuska, dogayen takubban Kaledoniyawa, mutanen arewacin Sikotilan, marasa tsini ba su da amfani a matsi. Ya ce an kashe abokan gaba 10,000, a ɓangarensu 360. Adadin farko ni ban ɗauke shi da muhimmanci ba, irin lissafin mai nasara ne, amma na biyun da maganar jinin Barume suna ci mini rai duk lokacin da na karanta, domin mutum 360 ɗin nan suna da iyaye a bakin Rhine da Meuse, kuma an rubuta mutuwarsu a matsayin riba.

Ba kowa ne ya haɗiye ba. Ana cikin wannan yaƙin na arewa wata kohot ta Usipiyawa da aka ɗebo sababbi daga Jamus suka kashe senturiyo da sojojin da aka sa su horar da su, suka ƙwace jirage uku suka shiga teku ba su iya tuƙi ba, suka zagaya Birtaniya yunwa ta kai su ga cin junansu, waɗanda suka rage aka kama su a gaɓar Jamus aka sayar bayi.

Maganar me ya hana su ci gaba, lissafi ne. Sojan yana da iyaka, legiyo wajen 28 zuwa 30 ne ga daula daga Sifaniya har Furat, in wuta ta kama a wani gefe sai an ɗebo daga wani. Bayan nasarar Agirikola sun fara gina babban barikin legiyo a Inchtuthil a bakin kogin Tay, da asibiti da maƙera da komai, ba a ma gama ba Dasiyawa, mutanen yankin Romaniya ta yau, suka tsallako Danube suka kashe gwamnan lardin Mosiya, Ƙaisar Domishiyan ya buƙaci sojoji, aka janye legiyo guda daga Birtaniya wajen 87. Suka rushe Inchtuthil da hannunsu, ƙusoshin ƙarfe sama da 800,000 da ba za su iya ɗauka ba suka haƙa rami mai zurfi suka binne suka daddaɓe saman don kar mutanen ƙasar su ƙera makamai da su, ba a gano su ba sai wajen 1960. Sannan ƙasar da ke gaba ba ta da biranen da za a ɗora wa haraji ko sarakunan da za a riƙe ta hannunsu, kowane sansani sai an yi masa jigilar hatsi daga nesa, kuɗin da za a kashe ya fi abin da za a samu. Sannu a hankali suka ja baya zuwa hanyar da ta ratsa daga Corbridge zuwa Carlisle, inda Vindolanda take, a 122 Hadiriyan ya zo da kansa ya sa a gina katangarsa mai tsawon kilomita 117 a ɗan arewa da wannan hanyar. Magajinsa Antoninus ya sake gwadawa wajen 142, ya matsa arewa ya gina wata katangar ta ƙasa da ciyawa tsakanin Forth da Clyde a Sikotilan, bayan kamar shekara ashirin aka bar ta aka dawo ta Hadiriyan.